Gilashin gaban babur: wane tsayi ya dace da ni?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya. Ya sayi babur na doguwar tafiya, ya sa masa gilashin kare iska, amma da zarar gudu ya haura kilomita 80 a awa sai hular kwanonsa ta kama rawa, kunnuwansa su cika da ƙugi, idan ya sauka kansa na sarawa. An ba shi shawara ya sayi wani gilashin da ya fi wannan tsawo, wanda zai rufe shi har saman kai. Yana so ya san ko ya saya, ko kuwa akwai ma'aunin da ake bi.

Ɗan'uwa, dakata da sayen tukuna. Akwai ma'auni, kuma ba daga tsawon babur ake ɗaukarsa ba, daga idonka ake ɗauka lokacin da kake zaune a kan sirdi yadda ka saba zama. Abin da masu ƙera waɗannan gilasai da waɗanda suka daɗe suna tafiya a kan babur suka fi haɗuwa a kai shi ne bakin gilashin na sama ya tsaya daidai da kan hancinka, ko tsakanin hanci da leɓen sama, yadda za ka riƙa kallon hanya ta samansa ba tare da ka miƙa wuya ba. Idan ka zauna ka kalli gaba ta saman bakin gilashin, ya kamata ka ga kwalta tun daga kimanin mita 15 a gabanka zuwa nesa. Wannan ita ce gajeriyar amsa. Amma ita kaɗai ba za ta warkar da rawar kan da kake fama da ita ba, shi ya sa zan tsawaita.

Bari in fara da dalilin da ya sa nake nacewa kan kallo ta sama. Gilashin mota yana da abin share ruwa, yana da ruwan wanki, yana da iskar da ke busa masa daga ciki don kada ya yi raɓa. Na babur ba shi da ko ɗaya. Ranar da ka ɗora shi sabo, da rana tsaka, garau za ka ga komai ta cikinsa, har ka ce ai babu matsala. Bari a yi yayyafi, ƙurar da ta kwanta a kansa ta jiƙe ta zama laka. Bari ka yi tafiyar magariba ƙwari su fashe a kansa. Bari ya yi wata shida ana goge shi da tsumma, ƙananan karce su cika shi, sannan ka haɗu da fitilar babbar mota da dare: kowane karce zai kama haske ya watsa maka shi a ido. A lokacin kana kallo ta cikin abubuwa biyu ne, gilashin hularka da na babur, kowanne da nasa dattin. Na hula kana iya share shi da yatsan safar hannu ko ka ɗaga shi. Na babur kuwa hannunka ba ya kai wa fuskarsa ta waje kana cikin tafiya. A gudun kilomita 100 a awa babur yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu da ka ɓata kana ƙoƙarin gane ko wannan baƙin da ke gabanka inuwa ce ko rami ne, ka riga ka ci fiye da mita 50. Wanda ya sayi dogon gilashi don jin daɗi ya toshe wa kansa gani, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai tsayin da ya fi kowanne muni, kuma shi na fi gani a kan baburan mutane: wanda bakinsa ya faɗo daidai kan layin ido. Bakin gilashi ba ya nuna abu yadda yake, yana lanƙwasa hoto, yana raba hanya biyu, rabi ta sama rabi ta ciki. Mai babur ba tare da ya sani ba sai ya riƙa ko dai duƙawa don ya kalla ta ciki, ko miƙewa don ya kalla ta sama, awa bayan awa. Yawancin ciwon wuya da na kafaɗa da ake ɗora wa sirdi ko nisan tafiya, daga nan yake fitowa.

Lissafin mita 15 ɗin nan ba daga sama ya faɗo ba, kana iya bin sa da kanka. A ce idonka yana mita 1.4 daga ƙasa kana zaune, bakin gilashin kuma yana santimita 70 a gaban fuskarka. Layin da ya tashi daga idonka ya sauka a kwalta a nisan mita 15, idan ya iso wurin gilashin ya sauko da kimanin santimita 6 da rabi ƙasa da ido. Auna daga idonka zuwa ƙasa santimita 6 ko 7, za ka ga ka sauka a wajen kan hanci ko leɓe. Maganar hanci da maganar mita 15 abu ɗaya suke faɗi. Daga wannan lissafin kuma za ka gane cewa idan gilashin ya fi nisa da fuskarka, kamar yadda yake a manyan baburan da ake zama a miƙe a kishingiɗe, bakinsa yana bukatar ya ƙara yin ƙasa kaɗan kafin ka samu gani iri ɗaya.

Kada ka yarda da wanda zai tambaye ka tsawonka kawai ya ce maka ga girman da ya dace. Mutum biyu masu tsawo ɗaya, wani ƙafafunsa ne dogaye, wani gangar jikinsa ce doguwa. Idan suka zauna a kan sirdi ɗaya idanunsu na iya bambanta da santimita 5 ko fiye. Ga yadda nake yin awon. Ka samu wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka ajiye wani abu, ko dutse ko kwalba, a taku kamar 20 a gaban babur, wato kusan mita 15. Ka sa hularka da rigar da kake tafiya da ita. Wani ya riƙe maka babur a tsaye sosai, ba a jingine a kan ƙafarsa ta gefe ba, ka ɗora ƙafafunka a inda kake ɗora su, hannayenka a kan kan babur. Sannan ka saki jiki. Wannan sakin jikin shi ne inda mutane suke kuskure: a wurin awo kowa yana zama cak kamar za a ɗauke shi hoto, amma bayan awa ɗaya a hanya baya yana lanƙwashewa, soson sirdi yana lotsawa, ido yana sauka da santimita 2 ko 3. Gilashin da ka auna kana miƙe, a hanya zai zo maka a ido. Zauna yadda kake zama idan ka gaji. Sai mai taimaka maka ya riƙe sanda ko ma'auni a kwance a jikin gilashin, bisa karkatarsa, ya riƙa sauke yatsa har sai ka ga dutsen nan daidai saman yatsansa. Nan ne wurin. A manna salatif a kai. Ka lura kuma cewa kamfanoni ba su auna tsawo daga wuri ɗaya ba: wasu daga saman ramin fitila suke farawa, wasu daga gindin gilashin, kuma da yawa da inci suke rubutawa, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Ka duba daga ina suka fara awonsu kafin ka kwatanta da naka.

Yanzu ga ainihin damuwarka, rawar kai. Mutane suna zaton gilashi bango ne, iska ta buge shi ta tsaya, duk abin da ke bayansa ya huta. Ba haka iska take aiki ba. Idan ta bugi gilashin tana hawa samansa ta kuma zaga gefunansa, a bayansa kuma sai a samu wuri mai ƙarancin matsin iska. Iskar da ta wuce ta sama tana son faɗowa ta cike wannan gurbin, wadda ke ƙasa, wajen tanki da ƙafafun gaba, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, ita ma tana tasowa sama don ta cike shi. A inda iska mai gudu ta haɗu da iska mai kwanciya sai ta tsinke ta zama guguwa ƙanana da ke birgima ɗaya bayan ɗaya. Wannan layin guguwar yana tashi daga bakin gilashin ya miƙo baya, yana faɗaɗa. Duk abin da ya shiga cikinsa zai yi ta girgiza. A halin da kake ciki hularka ce take cikinsa.

Saboda haka wurare uku ne kan mutum zai iya kasancewa. Ko yana sama da layin, a cikin iska tsarkakakkiya mai gudu santala-santala: akwai ƙara, akwai turi, amma babu girgiza, kuma hular kwano dama don irin wannan iskar aka ƙera ta. Ko yana ƙasa da layin, a cikin kwanciyar da ke bayan gilashi. Ko yana tsakiyar layin, inda ake shan wahala. Daga nan za ka ga abin da mai ba ka shawara bai gani ba: ana fita daga layin ta sama kamar yadda ake fita ta ƙasa. Gajeren gilashi da ke ɗauke iska daga ƙirji ya bar kai a fili sau da yawa ya fi matsakaici daɗi nesa ba kusa ba. Ni kaina na taɓa shafe kusan shekara ina ƙara tsawo a kan wani babur nawa, gilashi bayan gilashi, girgizar tana canza wuri daga goshi zuwa ƙeya amma ba ta tafiya. Ranar da na mayar da ɗan gajeren da ya zo da shi don in kai dogon a gyara, a ranar na yi tafiyar da ta fi kowacce natsuwa. Nauyin iska a ƙirji shi ne abin da ke gajiyar da hannaye da baya, kuma yana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki: turin da kake ji a kilomita 100 ya ninka na kilomita 50 sau huɗu. Idan gilashi ya ɗauke maka wannan ya riga ya yi rabin aikinsa, ko bai taɓa kanka ba.

Gilashin da ya tsaya a hanci yana aiki ne saboda iska ba ta karyowa nan take da ta bar bakinsa. Tana ci gaba da hawa na ɗan lokaci bisa karkatar da gilashin ya ba ta, don haka bakin da ke daidai hanci yana iya jefa layin guguwar sama da hula. Ko zai jefa ko ba zai jefa ba ya danganta da abu uku: karkatar gilashin, nisansa da fuskarka, da siffar bakinsa. Wanda ya tsaya a miƙe sosai yana haifar da babban gurbi a baya da guguwa mai ƙarfi. Wanda ya yi nisa da kai yana ba iska damar faɗowa kafin ta wuce ka. Wanda aka lanƙwasa bakinsa ya ɗan juya gaba kuwa yana harba iska sama fiye da tsawonsa, shi ya sa irin wannan yake ba ka kariyar dogo da ganin gajere.

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin a hanya madaidaiciya wadda babu cunkoso, a gudun da abin yake fara damunka. Ka ɗan miƙe zaune, ka ɗaga kai da santimita 5 zuwa 8. Sannan ka dawo, ka ɗan duƙa da kwatankwacin haka. Saurari kunnenka. Idan da ka miƙe girgizar ta ɗauke, ƙarar ta zama shuuu mai santsi, kana gab da saman layin ne, kuma rage tsawo shi ne maganinka. Idan da ka duƙa ne duniya ta yi tsit, ƙarin tsawo kaɗan ko ɗan leɓen da ake maƙalawa a saman gilashi zai wadatar. Kamfanoni irin su MRA na Jamus da Puig na Sifen suna yin irin wannan leɓen, ana ɗaure shi a bakin gilashi, ana kuma juya karkatarsa da hannu. Yawancinsu suna barin rata tsakaninsu da gilashin, iska ta bi ta ratar ta daidaita layin. Idan kuwa ko ka miƙe ko ka duƙa babu abin da ya canza, to ba daga sama matsalar take ba. Ka ɗora tafin hannunka na hagu a kwance a gaban ƙirji, wajen saman tanki, na 'yan daƙiƙu kawai. Idan girgizar ta ragu, iskar ƙasa ce take tasowa tana shiga ƙarƙashin haɓar hularka. Wannan ko gilashin ya kai rufin ɗaki ba zai hana ta ba, hasali ma dogon gilashi ƙara jawo ta yake yi, domin gurbin da ke bayansa ya fi girma. Maganinta ƙananan fukafukan da ake ɗaurawa a ƙafafun gaba ko gefen tanki, ko kuma a bar wa iska ƙofa a gindin gilashin. Wannan ramin ko ratar da kake gani a ƙasan gilasan zamani ba ado ba ne: yana shigo da iska kaɗan ta bi bayan gilashin ta cike gurbin, sai guguwar ta yi laushi. Na sha ganin wanda ya toshe ramin da salatif don yana jin sanyi na shigowa, ya dawo yana kukan ciwon kai.

Ka duba hularka ma. Mai baki a goshi kamar rumfa, irin ta masu shiga daji, tana kama iska ta fizgi kai sama, kuma wadda ta yi maka yawa za ta yi rawa a iskar da wadda ta kama kai ba za ta motsa ba.

Game da ƙugin kunne, ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci. Ƙarar iska a cikin hula a gudun babbar hanya tana haura desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali iyakar da ake sa wa ma'aikata a wurin aiki ita ce desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da kunne zai jure zuwa rabi. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Gilashi mai kyau yana rage ƙarar, mara kyau yana ƙara ta fiye da babur tsirara, amma babu gilashin da ke maye gurbin abin toshe kunne na soso a doguwar tafiya. Abin toshe kunnen ba ya hana ka jin hon ko jiniya, ƙugin ne yake yankewa.

Ba ka faɗi inda gilashinka yake ɗaure ba, kuma wannan yana da tasiri a kan girman da za ka iya sawa. Idan a jikin babur yake, turin iska yana sauka a kan babur ɗin gaba ɗaya. Idan kuwa a kan abin tuƙi yake, yana juyawa tare da tayar gaba, to duk bugun iskar gefe da duk hucin tirelar da ta wuce ka kai tsaye suke shiga hannunka. Babban gilashi a kan ƙaramin babur mara nauyi yana iya sa gaba ya riƙa lilo a gudu, ga shi yana cin ƙarfin inji da mai. A irin wannan babur ni ba na wuce tsawon haɓa.

Idan kana goyo, ka tambayi na bayanka. Iskar da ta tsallake kanka a kansa take faɗowa, don haka saitin da ya yi maka daɗi yana iya zama azaba gare shi. Sannan akwai zafi: gilashin da ya rufe ka ruf yana hana ka iskar da ke sanyaya jiki, ya bar ka da hucin inji. Wannan ne ya sa masu tafiya da yawa suke ajiye biyu, gajere na lokacin zafi da dogo na lokacin sanyi, ya kuma sa manyan baburan tafiya irin su Yamaha FJR1300 da BMW R 1250 RT suka zo da gilashin da ake ɗagawa da saukewa da maɓalli; Honda Gold Wing ma ta samu irinsa daga ƙirar 2018. Masu irin waɗannan su ne kaɗai nake yarda su kalla ta cikin gilashi, domin da ruwa ya sauko ko dare ya yi suna sauke shi cikin 'yan daƙiƙu. Wanda nasa a kafe yake ba shi da wannan mafitar. Gilashi mai duhu kuma, idan gajere ne wanda ba ya shiga layin ganinka babu laifi. Idan ya kai hanci, ka ɗauki fari tas, domin ta cikinsa kake ganin abin da ke kusa da tayarka.

Idan gwajin ya nuna ragewa za ka yi, ba sai ka sayi sabo ba, ana yankewa. Abin da muke kira gilashi a nan roba ce mai tauri, iri biyu. Akirilik yana da haske sosai, ƙaramin karce yana fita da gogewa, amma yana tsagewa idan ya sha bugu ko zarto ya yi masa gaggawa. Polikabonet ya fi jure bugun dutse nesa, ya fi sauƙin yanka, amma yana saurin karcewa idan ba a yi masa rufi mai tauri ba, kuma idan rufin ya karce ba a goge shi. Kafin ka yanka, ka manna salatif mai kala a layin da kake so ka yi kwana biyu ko uku kana hawa da shi, kana lura ko idonka yana wucewa ta samansa a hawa da gangara da kwana. Idan ka gamsu, ka rufe fuska biyu na gilashin da salatif na takarda, ka kwafi lanƙwasar bakin asali a kan kwali ka zana ta a sabon wurin, ka yanka da zarto mai ƙananan haƙora a hankali, sannan ka bi bakin da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ya yi santsi, kada ka bar kaifi a gaban wuyanka. Santimita 2 za ka cire a karon farko, ka gwada, in bai isa ba ka ƙara. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

Wajen wanki, ka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma mai laushi na 'yan mintoci ƙwarin su jiƙa, sannan ka wanke da ruwa da sabulu mai sauƙi. Kada ka goge shi a bushe, kada fetur ya taɓa shi, haka ma ruwan wanke tagogi mai amoniya, domin suna dusashe shi su sa masa ƙananan tsaga.

A yadda ka bayyana abin, girgiza mai farawa daga kilomita 80 tare da ƙugi da ciwon kai, na fi kyautata zaton bakin gilashinka yana tsakanin haɓa da ido ne kuma yana da nisa da fuskarka, layin guguwar yana sauka a kan goshin hula. Yi awon dutsen nan da farko. Idan bakin ya riga ya kai hanci, ƙarin tsawo ya haramta maka, sai ka nemi gyara a karkata, ko leɓe, ko iskar ƙasa. Idan maɗaurinsa yana ba da dama, ka kwantar da shi baya kaɗan zuwa wajenka ka sake gwadawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya, abu ɗaya kake canzawa a kowace fita don ka san wanne ne ya yi aiki. Idan kuma yana da kusoshi huɗu ne kawai, ka kwance shi gaba ɗaya ka yi kilomita 20 babu shi, ka ji yadda kanka yake a iskar da babu abin da ya taɓa ta, da wannan za ka riƙa auna duk gilashin da za ka ɗora bayan haka.